Hoton Tumakin Baba Gambo

Bana damina ta yi albarka a Damagaram, har ta so ta wuce gona da iri, don ruwa ya ci katangu ba iyaka a Birni. 'Yata Hadiza, wadda ke koyarwa a wata lakwal wajen Hamdara, ta zo hutu da wayarta cike da hotuna. Ta miƙo mini ɗaya: kwari shar da ciyawa, fararen tumaki sun bazu suna kiwo, hadari ya yi gangami daga gabas. Kowa a tsakar gida sai yabo yake. Ni kuwa na sa tabarau, na dinga jan hoton da yatsa ina duba ƙafafunsu ɗaya bayan ɗaya. Ta ce ko mahauci ba ya duba tunkiya haka. Na miƙa mata wayarta na ce ta ba ni wuri. Ba laifinta ba ne, ba ta san cewa wajen shekara arba'in ke nan ba na iya kallon tumaki a hoto sai na duba abin da ke riƙe da su.

Ni mai hoto ne, ko in ce na taɓa zama, tun kafin kowane ɗan tasha ya zama mai hoto da wayar aljihunsa. Shagona yana Zango, da labulen da aka zana wa jirgin sama da gidan bene. An san ni da baki. In na ce ɗaga haɓa, ka ɗaga, ko kai wane ne. Ban taɓa yarda a koya mini aikina ba, kuma wannan halin nawa yana cikin abin da ya jawo abin da zan faɗa.

A shekarar fari abin ya faru, farin nan na biyu nake nufi, ba na farko da muna samari ba. Ruwa ya sauka da wuri a shekarar, aka yi shuka da murna, gero ya tsiro. Sai sama ta ɗauke. Iska mai zafi ta taso ta binne tsiron da rairayi. Aka sake shuka, aka sake ta uku da hatsin da aka ajiye don ci. Kullum da la'asar hadari zai haɗu baƙi ƙirin, mata su yi ta kwashe shanya, yara su fito da kwanuka, sai iska ta zo ta watsa shi ta bar mana jar ƙasa a cikin tukunya. An fita roƙon ruwa ba sau ɗaya ba, riguna a juye, tsofaffi suna kuka. Kaka ta zo ta wuce, ba a ji ƙarar sussuka a ko'ina ba.

Kafin bazara ta kama, gidana ya koma ci sau biyu. Da safe matata Zuwaira ta dama kunu, tsararo, har kana ganin gindin ƙwarya. Da rana kowa ya nemi inuwa ya kwanta, don magana ma ƙarfi take ci. Da magariba tuwon jar dawar taimako, mai warin buhu, wadda ko jaki a da sai ya yi tunani kafin ya sa baki. In ta yanke sai anza, 'ya'yan itacen nan masu ɗacin tsiya da ake jiƙawa kwana da kwanaki ana sauya ruwa kafin su ciwu. Wanda ya samu garin rogon Najeriya ya zuba masa ruwa ya kumbura, ranar gidansa salla ake. Tun asuba Zuwaira ke bin layin famfo, ba ta dawowa sai hantsi ya dubi ludayi. Mutanen karkara sun cika bakin gari da bukkokin tsumma. Tumakin cikin gari kuwa kwali suke ci, in sun samu.

Aiki ma ya sauya. Ba biki, ba suna, ba mai sabuwar riga da zai zo ya tsaya gaban jirgin sama. Sai hoton katidantite, wato katin shaida, na masu shirin gangarawa kudu neman abinci. Akwai wani bawan Allah da ya dawo da hotonsa yana faɗa, wai na ba shi na wani tsoho. Na zage shi tas, sannan na miƙa masa madubi. Ya daɗe yana kallo, ya sa hoton a aljihu ya fita.

A cikin wannan hali Lawali ya zo mini. Abokina ne tun makarantar allo, tela ne a Birni, mutum mai tsabtar da har tsokanarsa nake wai ko kaza ba zai iya fiɗa ba. Allah ya jiƙansa, bara ya rasu, da yana raye da ban buɗe bakina ba. Mahaifinsa, Baba Gambo, manomi ne a wani ƙauye gaba da Hamdara, amma ransa na wajen tumakinsa, balami da uda, guda ashirin da shida, kowace da sunanta. Da kaka ɓarin jikinsa na hagu ya shanye, aka kawo shi gidan Lawali a amalanke don a nema masa magani. Tumakin suka zauna hannun Sa'idu, ƙanen Lawali.

Duk wanda ya zo dubiya daga ƙauye, kafin ya gama gaisuwa tsohon ya tambaye shi tumaki. Kowa ya ce lafiya lau suke. Shi kuwa ba yaro ba ne, yana jin abin da ake faɗa a zaure. Sai ya fara ture ƙwarya. Ya ce ko a mai da shi gida ya gan su da idonsa, ko ya tafi da rarrafe. Ba wasa yake ba, wata rana da hantsi an tsince shi a ƙofar zaure, ya ja jiki da gwiwar hannu ɗaya har ta sale. Lawali ya ce mini yanzu ruwa kawai ake ɗura masa, in aka ɗora shi a amalanke cikin wannan zafi ba zai kai ko garin Mirya da rai ba. Abin da ya rage shi ne hoto, tunda gani ya kori ji. Na tambaye shi yadda tumakin suke. Ya ce sun rame, yana kallon jirgin saman da ke jikin labule.

Ya riga ni tafiya da kwana biyu, wai zai shirya. Ni na bi motar kasuwa da akwatin hotona a rataye. Motar ta lalace sau biyu a hanya. Abin da na gani ta tsakanin katakon motar ba na son tuna shi: gonaki fayau ba ko kara, rijiyoyi a buɗe ba mai ja, shanu kwance a gefen hanya sun bushe, ungulu ma ta ƙoshi ta bar su. Da na sauka Lawali na jira na tun safe, leɓensa ya tsage. Muka taka wajen awa guda cikin rairayin da ke ƙona ƙafa ta cikin takalmi.

Muka iso gindin wani tulin duwatsu rana na tsakar ka. Ya ce kwarin na bayan duwatsun, in hau in ɗauka daga sama yanzu-yanzu, kada in sauka ƙasa don tumakin na gudun baƙo. Na dubi sama na ce Allah ya kiyaye. Wane mai hoto ne ke ɗaukar farar dabba rana na tsakar ka? Sai dai a ga fari fat ba ido ba kunne. Na ce sai ta ɗan karkata. Ya roƙe ni, ya sake roƙo, har ya kama mini hannu. Na ce masa na taɓa zuwa shagonka na koya maka yankan wuyan riga? Na nemi inuwar dutse na miƙe ƙafa. Mun fi awa guda a nan, ina ta surutuna, shi yana tashi yana zama kamar mai jin fitsari.

Bayan mun yi azahar da taimama na hau dutsen. Wallahi da na leƙa sai da na ce masha Allah. Duk ƙasar ta mutu, amma gawo ba ruwansa da fari, da rani yake ganyensa, ga su nan biyar ko shida kore shar a tsakiyar kwarin. Goruba a jere a bakin busasshen rafi, rairayi fari tas, dutse ja daga can nesa. A tsakani tumaki sun bazu, wannan nan, waccan can, kawuna a ƙasa suna kiwo, babban rago balami a tsaye shi kaɗai a kan wani ɗan tudu. Sa'idu na can gefe da sanda a kafaɗa. Na ce a raina, ashe Lawali tsoron banza yake. Na ɗauka. Na gyara tsayuwa na sake ɗauka. Na ɗauki na uku.

Ina murɗa fim ɗin don na huɗu sai wani hankaka ya sauko ya dira a kan ragon, tsakanin ƙahoninsa. Ragon bai girgiza kai ba. Na sauke akwatin daga idona na duba da ido biyu. Hankakan ya yi tattaki a bayan wuyansa, ya sa baki ya ja wani abu. Ko kunne bai motsa ba. Sai a lokacin na lura da shirun. Tumaki ashirin da shida, ba kuka, ba atishawa, ba mai kaɗa wutsiya. Yadda suke a hoton farko haka suke a na uku.

Na fara gangarawa. Lawali ya riƙe mini riga, na fizge har ta yage.

Wari ne ya fara tarbata, ba warin ruɓa ba, irin warin majema. Na isa gaban ragon na tsaya. Ba ido a kansa, ramuka biyu ne an toshe da laka. An binne ƙafafunsa a rairayi har gwiwa, ta bayansa, inda ba a gani daga dutsen, an tokare shi da gwafa biyu. Fatar ta bushe ta manne da haƙarƙari, an shafe ta da farar ƙasa don ta yi haske. Na juya wajen tunkiyar da ke kusa. Ita an ɗaure mata kai da igiyar kaba a jikin turke, an ja shi ƙasa kamar tana kiwo, haƙoranta a waje cikin rairayin da ba ko tsinke. Ta gaba haka. Ta gaba da ita haka. Mushe ne, mushe a tsaye, an jera su kwari guda.

Na zauna daɓas a rairayi. Ina ta inna lillahi ban san ina yi ba. Na ga mushe a hanya tun safe bai yi mini haka ba, don waɗancan a kwance suke yadda Allah ya bar su. Waɗannan kuwa yanzu-yanzu na gama yabon kyansu.

Da na dawo hayyacina, ban bar wa Lawali komai ba. Na ce masa mahaukaci, maƙaryaci, marar tsoron Allah. Na ce ya rasa wanda zai sa a wannan ƙazanta sai ni. Na juya kan Sa'idu na ce shi da ya tashi a bayan dabba bai ji kunya ba. Sa'idu ya sunkuyar da kai, ya ce sun fara faɗuwa tun sanyi, wasu cikin dare ɗaya, wuƙa ma ba ta riske su ba. Ya ɓare rufin bukkarsa ya ba su, ya sassaƙe gawo har inda hannu ke kai. Shi ya ce wa yayansa wannan ba zai yi ba, amma babba ne. Lawali bai kare kansa ba. Ya buɗe mini tafin hannuwansa kawai. Hannun tela, mai santsi, duk ya yayyage, ƙaya da jini da baƙin maiƙo a ƙarƙashin farce. Kwana biyu yana jan su daga bayan gari.

Ya ce, "Ubana ne, Isufu. In ka san wata hanyar da zai ci abinci, faɗa mini."

Ban san wata hanya ba, sai na ƙara zaginsa.

Huɗu ne masu rai. An sa su a gaba-gaba don a ga motsi, kowace an ɗaure mata ƙafa a turken da aka binne. Tun hantsi suke nan cikin rana, suna jiran motata da ta lalace, suna jiran ni in ga haske ya yi mini. Ɗaya uda ce, baƙar gaba farar baya, da tsohon ciki. Muna cikin hayaniyarmu ta durƙusa a kan gwiwoyinta, ta kife. Sa'idu ya zaro wuƙa ya ruga, ya samu ya yanka ta tana sauran numfashi. Ina tsaye ina kallo, na san awa gudan nan da na kwashe a inuwar dutse ina koya wa mutane aiki ita ce ta ƙarasa ta.

Matar Sa'idu ta dafa naman da gishiri kawai. Na rantse ba zan ci ba. Da ƙamshin ya taso na matsa. Wata uku rabona da nama. Na ci, na tsotse ƙashi, na lashe yatsu, ina jin kunyar kaina ina ƙara miƙa hannu.

A hanyar dawowa na ce wa Lawali ba zan wanke fim ɗin ba, ko zai mutu. Washegari da hantsi na shiga ɗakin duhu na wanke shi. Da hoton ya fara fitowa a cikin ruwan magani sai haushi ya kama ni, don tunda nake aikin nan ban taɓa ɗaukar hoto mai kyansa ba. Ba gwafa, ba igiya, ba laka. Kwari, gawo, tumaki suna kiwo lafiya lau. Na buga shi babba.

Bayan la'asar muka shiga wajen Baba Gambo. Na same shi kwance a tabarma ya zama ƙashi da fata, ido ya faɗa. Na durƙusa na gaishe shi. Lawali ya tallafe shi ya jingina da bango, ya sa masa hoton a hannunsa mai lafiya. Tsohon ya kawo shi kusa da fuska, ya nisanta, ya sake kawowa. Ya fara kiran sunayensu a hankali, yana bin su da babban yatsa, bai tsallake ko ɗaya ba. Da ya gama ya ce wa Lawali ya sa a dama masa kunu, kuma ya je da kansa ya samo tsamiya, don ba ya son wadda yara ke samowa. Lawali ya tashi da sauri har yana tuntuɓe da buta.

Sai da ƙarar takalminsa ta ɓace tsohon ya ce in matso.

Ya ce, "Kai ɗan birni ne, Lawali ma birni ya cinye shi. Sa'idu ne ya ba ni mamaki." Ya ɗora yatsa a kan hoton. "Dubi inuwarsu, ɗan kaɗan ce, azahar ke nan. A irin wannan zafin tunkiya ba ta kiwo. Taruwa suke wuri guda, kowace ta cusa kai ƙarƙashin cikin 'yar'uwarta. Ga gawo ga inuwa, ba ko ɗaya a gindinsa. Kun warwatsa su don su cika kwari."

Na sunkuya na dubi inuwar da yake nuna mini.

Ya matsar da yatsan zuwa gaba-gaba, ya taɓa huɗu, ɗaya bayan ɗaya, bai yi kuskure ba. Ya ce waɗannan ne masu rai, ga wuyansu ya miƙe wajen inuwa, wani abu ya riƙe musu ƙafa. Sai yatsan ya tsaya a kan udar.

"Wannan ciki gare ta. Ta kai yamma?"

Na ce ba ta kai ba.

"An samu yanka ta?"

Na ce an samu. Ya tambaya ko mun ci, na ce mun ci. Na so in gaya masa ni ne na sa aka jima, na buɗe baki, ya ɗaga mini hannu. Hawaye na zuba ta idonsa na dama, na hagun a bushe. Sannan ya ce tun shigowarmu ya ga hannuwan Lawali, yaron da ko kaza ba ya taɓawa.

"Ashirin da biyu ya ja, da hannun ɗinki. Mai hoto, in ka gaya masa na gane, ban yafe maka ba."

Ya goge fuska da gefen mayafi, ya gyara zama. Lawali ya shigo da ƙwarya tana tururi. Tsohon ya ce masa sun rame ƙwarai, amma Sa'idu ya yi ƙoƙari, ragon ma yana nan da ƙarfinsa. Ya ce a aika wa Sa'idu ya riƙa barin su a inuwa da rana. Ya sa wa Lawali albarka. Sannan ya karɓi ludayi ya fara sha, kunun na zuba ta gefen bakin da ya shanye, yana sha yana tsayawa, har ya ga gindin ƙwaryar. Daga ranar bai sake ture abinci ba. Ya ga saukar ruwan damina mai zuwa, ya sa aka fito da shi tsakar gida ya jiƙa hannu, kafin Allah ya karɓi abinsa.

A ranar dai, da na yi sallama, Lawali ya rako ni zaure. Muna fita daga idon mutane ya jingina da bango, ya rufe fuska da yayyagaggun hannuwan nan, kafaɗunsa na rawa. Na ɗauka kuka yake, ashe dariya ce da kuka a haɗe. Ya kama ni ya girgiza.

Ya ce, "Ka gani? Ya sha duka. Bai gane ba, Isufu."

Na dube shi, na dubi ƙofar ɗakin da tsohon yake.

Na ce, "Bai gane ba."